Tsohon ma'aunin SWR na haɗin hannu: abin da allurarsa ke faɗa da abin da ba ta gani

Cikin kayan lantarki na gwanjo da ke isowa Kano, jifa-jifa akan ci karo da wani ɗan akwatin ƙarfe mai launin kore ko toka, da allura ɗaya a fuskarsa, maɓalli biyu, da wuraren ɗaura waya biyu a baya. Ba ya kama tasha, ba ya magana, yawanci ko batir ba ya ci. Mai gyaran rediyo daga Gaya ko Ringim yakan saye shi don araha, ya kai shago, sai gardama ta tashi. Wani ya ce wannan ne alƙalin da ke raba gardama tsakanin rediyo da eriya. Wani ya ce abin da ya girmi mai shagon ba shi da sauran gaskiya. Na uku kuma ya ɗaura shi a kan oba-obar 'yan sintirin ƙauye, allura ta nuna komai lafiya, amma murya ba ta kai ƙauyen da ke bayan fadama ba.

Kowannensu na da ɗan abin da ya riƙe na gaskiya. Ruɗanin ya samo asali ne daga ɗora wa akwatin tambayoyin da ba a gina shi don amsa su ba.

Kalmomin da sai an warware su tukuna

Kalmar "mita" ita kanta tarko ce. Tana nufin awon tsawo, tana nufin zangon da tasha ke kai kamar yadda ake cewa mita 49, tana kuma nufin na'urar awo. Don haka a nan za a kira akwatin da suna ma'auni, a bar mita ga tsawo.

Rediyon masu sha'awa, waɗanda ake kira 'yan ham, shi ne na mutanen da ke da lasisin watsa magana a wasu zanguna na musamman, ba don kasuwanci ba. Domin su aka ƙera yawancin waɗannan ma'aunai. Ƙarfin da rediyo ke turawa ana auna shi da wat. Wayar da ke ɗauke da ƙarfin zuwa eriya, wato koks, tana da wani hali nata da ake aunawa da om, kuma kusan duk rediyon sadarwa an gina shi ne a kan om 50.

SWR kuwa, a ɗauki igiyar da aka ɗaure a turke. In aka kaɗa bakinta, kaɗawar takan tafi har turken, ta dawo. In aka ci gaba da kaɗawa, mai tafiya da mai dawowa sukan haɗu, sai a ga wasu wurare na igiyar na tsalle sosai, wasu kuma kamar ba sa motsi. Haka yake faruwa cikin koks idan eriya ba ta karɓi duk abin da aka turo mata ba: saura ya juyo. SWR shi ne kwatancin wuri mafi tsalle da wuri mafi kwanciya. In babu abin da ya dawo, 1:1 ke nan. A 1.5:1, kashi 4 cikin 100 na ƙarfin ne ya juyo. A 2:1, kusan kashi 11. A 3:1, kashi 25. A 5:1, kusan kashi 44. Waɗannan alƙaluma lissafi ne tsantsa, ba su canzawa da tsufan ma'auni ko sabuntarsa.

Daga ina akwatunan suka fito

Sunan da aka fi gani a jikinsu shi ne Heathkit, na kamfanin Heath da ke Benton Harbor a jihar Mishigan ta Amurka. Asalin kamfanin na jiragen sama ne. Bayan yaƙin duniya na biyu, mai shi a lokacin, Howard Anthony, ya sayi tarin kayan lantarkin da soja suka rage, ya fara sayar da su a 1947 a matsayin na'urar da mai saye zai haɗa da hannunsa. Kwali yakan zo da ƙananan kaya a warwatse da littafi mai bin mataki-mataki, kowane mataki da ɗan gurbin da za a yi wa alama in an gama. An ci gaba da haka har 1992, lokacin da kayan da masana'antu ke haɗawa, musamman na Japan, suka yi arahar da haɗin hannu ya daina biyan wahala. Akwai wasu kamfanonin da suka yi irin wannan sana'a, kamar EICO da Knight-Kit, amma ba su kai Heath yaɗuwa ba.

A cikin ma'aunansu akwai tsofaffi irin AM-2 da HM-15, waɗanda SWR kawai suke nunawa. Akwai HM-102 na shekarun 1970, mai aiki daga megahaz 1.8 zuwa 30 (megahaz shi ne awon saurin kaɗawar siginar rediyo), da matakin wat 200 da na 2000. Akwai ɗan'uwansa HM-2102 na zangon VHF, daga megahaz 50 zuwa 160, da matakin wat 25 da na 250. Daga baya aka yi HM-2140 mai allura biyu, ɗaya na nuna mai tafiya, ɗaya mai dawowa.

Abu ɗaya ya biyo bayan wannan tarihi wanda masu saye ba su cika lura da shi ba. Akwatuna biyu masu lamba ɗaya ba hannu ɗaya ya haɗa su ba. Ɗaya ƙila injiniya ne ya like shi da dalma a nutse, ya saita shi da kayan awo na kirki. Ɗayan ƙila ɗan makaranta ne da wannan ne haɗinsa na farko. Sunan kamfani yana ba da shaidar zane da kayan ciki, ba ya ba da shaidar hannun da ya yi aikin.

Abin da ke cikin akwatin

Zane biyu ne suka mamaye fagen. Na farko shi ne wanda Lew McCoy ya yaɗa a mujallar 'yan ham ta QST a 1956 da sunan Monimatch: 'yan guntayen waya biyu kwance kusa da babbar wayar, ɗaya na tsintar mai tafiya, ɗaya mai dawowa. Sauƙin haɗawa gare shi, sai dai yawan abin da yake tsinta na ƙaruwa in megahaz ya hau, shi ya sa ba a iya rubuta masa wat ɗin da zai tsaya daidai a ko'ina. Na biyu shi ne wanda Warren Bruene na kamfanin Collins ya bayyana a mujallar dai a 1959. A nan wayar na ratsa wani ɗan zobe da aka naɗe da siririyar waya, zoben na ɗanɗano yawan wutar da ke gudu, ƙananan kafasito, masu riƙe caji, kuma na ɗanɗano matsinta. Sai a haɗa biyun a gefe ɗaya, a ɗebe ɗaya daga ɗaya a ɗaya gefen. In om 50 ne cif a bakin eriya, gefen ɗebewa ya zama sifili, allura ta kwanta. Irin wannan zane ne ya ba da damar karanta wat a faɗin gajeren zango, kuma shi HM-102 ya bi.

Daga nan dayod biyu, ƙananan kayan da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, ke mayar da abin da aka tsinta wutar da allura za ta iya nunawa. Yawanci ba wani abu a ciki da ke ƙarewa don aiki kamar batir ko bawul, wato kwalbar wuta ta tsofaffin rediyoyi. Dalilin da ya sa akwatin shekara hamsin ke iya tashi da rai ke nan.

Inda allura ke faɗin gaskiya, da inda take ruɗi

Karatu biyu ne a fuskar ma'aunin, kuma ba daraja ɗaya gare su ba. Na SWR kwatanci ne: a danna rediyo, a murɗa maɓalli har allura ta kai ƙarshen layi, a juya zuwa gefen mai dawowa, a karanta. Tunda ana gwada abu da ɗan'uwansa ne, kuskure da yawa na kashe juna. Karatun wat kuwa ya dogara kacokan a kan saitin da maginin ya yi tun farko, da kuma ko rizistocin ciki, masu rage gudun wuta, sun sauya. Tsofaffin rizistoci na gawayi sukan hau sama da ƙimarsu in sun sha shekaru da zafi da laima. Saboda haka tsohon ma'auni ya fi zama abin dogaro wajen SWR fiye da wajen wat.

Ko sabo ne ma, akwai abin lura. Irin waɗannan ma'aunai galibi ana ba su rangwamen kuskure na kashi 10 cikin 100 na cikakken layi, ba na abin da allura ta nuna ba. A matakin wat 200, rangwamen wat 20 ne, ko allura na kan 180 ko tana kan 30. Mai auna ƙaramin rediyo a babban mataki yana kama da mai auna ƙwayar magani a sikelin buhun hatsi.

Ƙaramin ƙarfi na da wata illar kuma. Dayod ba ya buɗewa sai wuta ta kai wani ƙofa, kusan bolt 0.2 zuwa 0.3 ga na jamaniyam da aka sa a tsofaffin ma'aunai, kusan 0.6 ga na silikon. In abin da ya dawo kaɗan ne, bai kai ya buɗe dayod ɗin sosai ba, sai allura ta nuna SWR ƙasa da na gaskiya. Mai gyaran da ya ciro jamaniyam ya maye da silikon don shi ne a aljihun tebur, ya ƙara wa akwatin wannan ƙarya, ya kuma ɓata karatun wat.

Babban kuskure a karkara shi ne na zango. Abin da ya fi yawa a hannun 'yan sintiri, masu gadin gonaki da direbobi shi ne oba-oba irin Baofeng, mai kusan wat 5, da ke aiki a megahaz 136 zuwa 174 da kuma 400 zuwa sama. HM-102 ya tsaya a 30. Allurarsa za ta motsa in an ɗaura shi, amma motsin ba ya nufin komai, kuma akwatin kansa na iya zama abin da ke lalata daidaiton layin. Haka abin yake ga zangon FM na megahaz 87.5 zuwa 108. Lambar da ke jikin akwati ita ce abu na farko da ya kamata a duba, tun kafin a tambayi kuɗi.

Sai batun da ya fi ɗaure wa mutane kai: mugun koks na sa SWR ya yi kyau. Siririn koks na RG-58 mai tsawon mita 15 yana cinye kusan rabin ƙarfin a megahaz 145. Abin da eriya ta mayar kuma sai ya sake bin wayar ya dawo, ya sake rasa rabi. In aka cire eriyar gaba ɗaya, aka bar bakin wayar a buɗe, ma'aunin da ke ɗaki zai nuna kusan 3:1 kawai. In wayar ta kai mita 30, zai nuna kusan 1.7:1, alhali babu eriya kwata-kwata. Wanda ya kafa doguwar gora don eriya ta yi sama, ya jawo siririyar waya mai tsawo, zai ga allura ta yi luf, ya yi murna, muryarsa kuwa tana ƙarewa a cikin waya. A megahaz 7 wayar nan mai mita 30 ba ta cin fiye da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, shi ya sa matsalar ta fi cizo a VHF. Wasu daga cikin tsofaffin ma'aunan, har da HM-102, an yi su yadda za a iya ciro ɓangaren tsinta a ajiye shi nesa da allura, kuma gwargwadon kusancinsa da eriya, gwargwadon gaskiyar karatun.

Koks ɗin da ya fi samuwa a kasuwannin Wudil, Bichi ko Gumel shi ne na dish da talabijin, mai om 75. Ba haramun ba ne a yi aiki da shi, amma yana rikita karatu. In eriyar om 50 ce aka haɗa ta da shi, ma'aunin zai iya nuna komai daga 1:1 zuwa kusan 2.25:1, ya danganta da tsawon wayar kawai. Mutum ya yanke taƙi biyu, allura ta sauya, ya ɗauka ya gyara eriya. Ga shi kuma saƙar cikinsa yawanci ta alminiyam ce, dalma ba ta kama ta, sai mahaɗa ta riƙa kwance-kwance.

Na ƙarshe, mai magana a tsarin SSB, salon watsa murya da 'yan ham suka fi amfani da shi a gajeren zango, zai ga allura na wasa a ƙasa, nesa da wat 100 da aka rubuta wa rediyonsa. Ba fainal, wato ɓangaren ƙarshe na rediyo da ke ba da ƙarfin watsawa, ne ya mutu ba. Murya na hawa da sauka da saurin da allura ba ta iya bi, sai ta nuna tsaka-tsaki. Ana gwada ƙarfi ne da sauti mai ɗorewa, ko da ma'auni mai riƙe ƙololuwa kamar HM-2140, wanda ke buƙatar batir don wannan aikin.

Masu cewa a riƙe da masu cewa a yar

Masu goyon bayan tsofaffin na kafa hujja da cewa kayan cikinsu manya ne da ido ke gani, zanensu a fili yake, kuma duk mai riƙe ƙarfen like zai iya gyara su a ƙarƙashin rumfa. Ba sa neman caji, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin da wutar gwamnati ke yin kwanaki ba ta zo ba. Suna zama a layi dindindin, ranar da iska ta karya eriya allura ta faɗa nan take.

Masu adawa na nuna ƙananan na'urorin zamani irin NanoVNA, da suka bazu tun wajen 2019. Wannan na zana SWR a allo a faɗin zango gaba ɗaya, ya nuna ko eriya ta yi tsawo ko ta gajarce, ba tare da an danna rediyo ba. Tsohon ma'auni cewa kawai yake akwai matsala, ba ya cewa ta wane gefe. Sai dai NanoVNA ba ya auna ƙarfin rediyo, kuma in aka tura masa wuta daga rediyo bisa kuskure ya tafi ke nan.

Akwai ɓangare na uku, na injiniyoyin tashoshi, waɗanda ma'auninsu shi ne Bird 43, da ake yi tun shekarun 1950. Ba haɗin hannu ba ne, rangwamensa kashi 5 cikin 100 ne, kuma kowane zango da kowane matakin ƙarfi na da nasa ɗan kan awo da ake cusawa. Tsadar kawunan ta fi ƙarfin mai ƙaramin shago. Amfaninsa a nan shi ne a matsayin abin gwadawa: wanda ya samu damar jera tsohon akwatinsa da shi sau ɗaya, ya san inda allurarsa ta karkata.

Wata gardamar ta daban ita ce ko dole ne a kai 1:1. Walter Maxwell ya yi jerin rubuce-rubuce a QST tun daga 1973 yana nuna cewa ƙarfin da ya dawo ba duka yake ɓata ba, kuma asarar gaske a cikin waya take. Ko an ɗauka kashi 11 ɗin 2:1 duk ya tafi, mai saurare a Haɗejiya ba zai ji bambanci ba, domin sai ƙarfi ya ragu sau huɗu kafin alamar ƙarfin sigina a rediyonsa ta sauka mataki ɗaya. Tsofaffin rediyoyi masu bawul, irin HW-101, suna da maɓallan da ke shanye ɗan rashin daidaito. Na zamani masu tiransisto kuwa sukan rage ƙarfinsu da kansu in SWR ya haura wajen 2:1, masu araha marasa kariya kuma fainal ɗinsu ya yi zafi ya ƙone. Ga mai irin wannan rediyo, ma'aunin mai gadin fainal ne kafin ya zama komai.

Ƙura, damina da batir

Ƙurar hunturu na shiga maɓallan murɗawa, allura ta riƙa tsalle ba dalili. Busasshiyar iskar na tara caji a doguwar eriya, wanda kan iya kashe dayod ko NanoVNA in ba a taɓa wayar da ƙasa kafin a ɗaura ba. Murfin robar allurar shi ma yakan ɗauki caji in an goge shi da busasshen ƙyalle, allura ta manne a wuri ɗaya. Da damina ruwa na bi ta mahaɗar da ba a naɗe ba ya shiga koks, saƙar ta yi baƙi, asara ta ƙaru, SWR kuma ya sauka. Karatun da ya yi kyau da kansa bayan ruwan sama, ba tare da an taɓa komai ba, abin zargi ne. In hadari ya haɗu, cire koks daga rediyo da ma'auni duka shi ne abin yi.

Eriyar da aka saita a fili aka dawo da ita kusa da rufin kwano za ta sauya hali. Mai tsawon mita 20 da aka yanka don megahaz 7, ko sandar santimita 49 ta megahaz 145, a inda za ta zauna ake yi mata awon ƙarshe. Rediyon wat 100 kuma an gina shi a kan bolt 13.8, yana jan kusan amfiya 20. Batirin sola da ya yi sanyi da asuba ba zai ba da wannan ba, wat ya faɗi, a ɗora wa ma'auni laifin batir.

Gwangwanin mai

Ba a saita ma'auni da eriya, ana saita shi da eriyar bogi: rizisto mai om 50 da ke shanye ƙarfin ya mayar da shi zafi. In aka ɗaura ta, gefen mai dawowa ya kamata ya nuna sifili, in bai nuna ba akwai ɗan kafasito a ciki da ake murɗawa da abin da ba ƙarfe ba har allura ta kwanta. Rizisto mai om 100 a ƙaramin ƙarfi ya kamata ya ba da 2:1, wannan gwaji ne na biyu. Rizistan da aka naɗa da waya ba ya wannan aiki.

Heath ya sayar da tasa eriyar bogin, HN-31, a siffar gwangwanin fenti na galan ɗaya, ba tare da mai ba. Mai saye ne ke cika shi, wasu kuma da man taransfoma suka cika. Tsohon man taransfoma na iya ƙunsar sinadarin PCB mai guba, wanda Amurka ta hana yinsa a 1979. Gwangwanin da ya zo da mansa a cikin gwanjo ba a sa masa hannu tsirara, ba a ƙona man, ba a zubar da shi kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.

Batun lasisi

Mallakar ma'aunin ba watsa magana ba ne, amma ba ya motsi sai an danna rediyo, danna rediyo a kan eriya kuwa shiga iska ne. A Najeriya zangunan rediyo na hannun gwamnati, tun daga dokar sadarwa maras waya ta 1961 zuwa dokar sadarwa ta 2003. Hukumar NCC ce ke kula da na kamfanonin sadarwa, NBC da na gidajen rediyo da talabijin, ma'aikatar sadarwa ta tarayya kuma da waɗanda ba na kasuwanci ba. 'Yan ham na ƙasar nan na amfani da alamar kira mai farawa da 5N, suna kuma da ƙungiyarsu, NARS. A ɓangaren VHF da oba-oba ke aiki, zangonsu a yankinmu megahaz 144 zuwa 146 ne kawai, alhali oba-obar kasuwa na iya hawa zangunan da aka ware wa wasu hukumomi. Mai gyaran da ke gwajinsa a kan eriyar bogi ba ya fita iska yadda zai dami kowa. Wanda ya gwada a kan dogon sanda, a lambar da ya zaɓa da ka, yana iya faɗawa kan layin jami'an tsaro ba tare da ya sani ba, kuma a yanayin da ake ciki, oba-obar da ba ta da takarda na iya sa a tsare mai ita a shingen bincike ana yi masa tambayoyi.